Almajirin Yesu daga Litinin zuwa Asabar: a ina ake gane shi?

Malam Bulus (Tudun Wada):
Salama gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in kawo shi mu tattauna. A Zariya ba mu da ƙarancin taro. Akwai addu'ar maza, akwai Zumuntar Mata, akwai nazarin Littafi Mai Tsarki, ga koyon waƙa, ga kwanan addu'a, ga 'yan Sabon Rai suna fita wa'azi, ranar Lahadi kuma majami'a ta cika har waje. Duk wannan abin godiya ne. Amma a Luka 9:23 Ubangiji ya ce wanda yake so ya bi shi, sai ya ƙi kansa, ya ɗauki gicciyensa kowace rana. Lokacin da muke yi a coci kaɗan ne in aka gwada da wanda muke yi a shago, a ofis, a gona, a kan titi, a tsakar gida. To a can ɗin, me ya raba almajirin Yesu da wanda ba ya binsa? Don Allah kada a ba ni amsar aji. Kowa ya faɗa mana daga inda yake neman abincinsa.

Maman Rifkatu:
Malam, sannu da ƙoƙari. Ni hatsi nake sayarwa, masara da dawa da gero da wake, daga wajen Giwa da Soba nake saro kaya. In kana so ka san ko mai sayar da hatsi tana tsoron Allah, kada ka tambayi inda take sujada. Ka ce ta miƙo maka mudunta, ka juya gindinsa ka duba.

Akwai masu sa taɓarya su bugi gindin mudu ya ɗan shige ciki. Ido ba zai kama ba, amma kowane awo an rage cikin tafin hannu. Akwai masu mudu biyu, babba na saye a hannun mutanen ƙauye, ƙarami na sayarwa a gari. Akwai kuma aikin hannu. In ita ce mai saye, sai ta kewaye bakin mudun da hannu ta tara hatsi har ya yi tozo. In ita ce mai sayarwa, da ya kawo baki sai ta juye da sauri tana jan mai saye da hira. Ban da masu zuba tsohon wake mai ƙwari a ƙasan buhu su rufe da sabo a sama.

Wa ake cuta? Matar da ta zo da kuɗin mudu biyu a ƙulle a bakin zane, yara suna jiranta a gida. Ba za ta taɓa sani ba. Sai dai ta ga tuwo bai kai ba, ta ɗauka yaran ne suka ƙara ci, ita kuma ta kwana da ƙanzo.

Karin Magana 11:1 ya ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. Ku karanta Amos 8:5-6 kuma, za ku ga masu ƙosawa ranar hutu ta Asabar ta wuce su koma kasuwa su rage mudu, su haɗa alkama da ƙaiƙayi su sayar. Wato masu zuwa sujada ne ake magana a kansu. Ni mudu ɗaya gare ni, da shi nake saye, da shi nake sayarwa. A wurina nan gicciyen yake.

Ayuba mai keke:
Mama, ina gaisuwa. Bari in yi tambaya irin ta yaro. In maƙwabciyarki ta rage mudu, ai za ta iya rage kuɗi. Mai saye kuɗi yake ji, ba ya ganin gindin mudu. Ke da kika cika naki, ba za ki kwana da kayanki ba?

Maman Rifkatu:
Ɗana, ina kwana da su mana. Akwai ranar da zan ga mutum ya taya a wurina, ya wuce gaba ya saya don an rage masa 'yan nairori, alhali na san abin da aka zuba masa bai kai nawa ba. Wasu in sun je gida sun sake aunawa sukan dawo su zama nawa na har abada. Amma ba zan ruɗe ka in ce gaskiya kullum tana kawo ciniki ba. Akwai waɗanda muka fara tare, yau sun gina gidaje, ni har yanzu haya nake. Ban yi don ciniki ba. Na yi don wanda ya saye ni da jininsa yana tsaye a wurin lokacin da nake awo.

Istifanus (Samaru):
Mama, na ji daɗin wannan ƙwarai. Amma ina da damuwa, kuma ina roƙon Fasto ya sa baki. Cika mudu ba namu ba ne mu kaɗai. Musulmi mai tsoron Allah ma yana cikawa, Alƙur'ani yana da sura guda da ta fara da gargaɗin masu tauye mudu. Har wanda ba ya bin kowane addini zai iya yin gaskiya a ciniki. In muka ce almajiranci shi ne gaskiya a kasuwa, ba mu mai da bishara koyarwar halin kirki kawai ba? Afisawa 2:8-9 ta ce ta wurin alheri aka cece mu, ba ta ayyuka ba. Ina tsoron kada wani ya karanta ya ɗauka mudunsa ne zai kai shi sama.

Maman Rifkatu:
Gaskiyarka ne a kan na farkon. Akwai wani Alhaji da muke layi ɗaya shekara da shekaru, mudunsa cikakke ne, kuma in na tafi jana'iza shi nake bar wa kayana. Ban taɓa dawowa na ga ƙwaya ɗaya ta ɓace ba.

Fasto Yohanna:
Istifanus, ɗana, tsoronka yana kan hanya, amma ka ƙara aya ɗaya. Afisawa 2:10 ta ce mu aikinsa ne, an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka da Allah ya riga ya shirya mu yi. Ba wanda mudu zai ceta. Amma wanda aka ceta, ceton zai kai har mudunsa. In bai kai ba, Yakubu 2:17 ya riga ya faɗi sunan irin wannan bangaskiya, matacciya ce.

Batun Alhajin Mama kuwa, mu gode wa Allah dominsa. Ubangiji bai kira mu gasar wa ya fi wa kirki ba. In maƙwabcinka Musulmi yana riƙe amana, kai da kake ɗauke da sunan Almasihu ba ka riƙe ba, abin kunya ne gare ka, kuma sunan Ubangiji ne ake zagi saboda kai. Sai dai Yesu bai tsaya a nan ba. A Matiyu 5:44-47 ya ce in masu ƙaunarku kaɗai kuke ƙauna, me kuka yi fiye da sauran mutane? Ya ce ku ƙaunaci maƙiyanku, ku yi wa masu tsananta muku addu'a. A Zariya wannan aya ba ta takarda ba ce. Duk wanda ya kai shekara arba'in a garin nan ya san abin da nake nufi.

Mama Ladi (Sabon Gari):
Fasto, ka taɓo inda yake mini ciwo. A watan Maris na 1987, da rikicin Kafanchan ya iso nan, ina budurwa, da idona na ga hayaƙin coci-coci yana tashi. A 2011 bayan zaɓe aka ƙone shagon ɗinki na mijina, kekuna da yadin mutane duka. Bai sake miƙewa ba har Allah ya ɗauke shi. Sai ga ranar Lahadi 17 ga Yuni 2012, bom ya tashi a cocin Katolika na Christ the King a nan Sabon Gari, wani kuma a cocin ECWA a Wusasa.

Abin da nake so matasa su ji shi ne wannan. A wancan rikici na 2011, maƙwabciyata Musulma ce ta jawo yarana uku ta shigar da su ɗakinta, ta sa wa 'yan matan hijabi, mijinta ya zauna a ƙofar gida ya ce ba kowa a ciki sai iyalinsa. Kuma a 2012, bayan bom ɗin nan, matasa masu amsa sunan Kirista sun tare hanya a Kaduna suka kashe matafiya da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Dukansu biyun sun faru. Wanda ya faɗa wa 'ya'yansa ɗaya ya ɓoye ɗaya, ƙarya yake shuka musu.

Cikin waɗanda aka ce an gani a bakin shagon mijina ranar nan, akwai wanda har yau nake haɗuwa da shi a hanya. Ya tsufa yanzu. Shekara da shekaru in na hango shi sai in tsallaka titi. Addu'ar Ubangiji ce ta matsa mini, don ba na iya wuce wurin da muke cewa a gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi. Yanzu ina gaishe shi, in tambayi iyali. Ba wai zuciyar ta daina zafi ba ne. Wata rana sai na sake yafewa tun daga farko. Shi ya sa da na karanta Matiyu 18:22, inda aka ce bakwai har sau saba'in, ba na ganin yawan ya yi yawa.

Istifanus (Samaru):
Mama, Allah ya ƙara miki haƙuri. Amma yafewa tana nufin mu bar ƙofa a buɗe? Ni ina cikin masu tsaron ƙofar coci ranar Lahadi, muna bincika jaka, muna hana mota matsowa.

Mama Ladi (Sabon Gari):
Ka ci gaba da tsaron ƙofa, ɗana. Nehemiya ma ya yi addu'a ya kuma sa masu tsaro. Abin da nake ce maka shi ne ka duba me kake turawa a waya. Hoton gawa da ba ka san daga wace ƙasa ya fito ba, da saƙon "a tura wa kowane Kirista", da kiran dukan mutanen wani addini da suna ɗaya. Romawa 12:19 ta ce kada mu yi ramuwa. Wasu ba su taɓa ɗaukar adda ba, amma da yatsa suke ramawa kullum.

Baba Dauda (Wusasa):
Jikana ne yake rubuta mini, ni ina faɗa. Ladi, Ubangiji ya share miki hawaye.

Ina so yara su san cewa wannan tambaya ta Malam Bulus ba sabuwa ba ce a ƙasar Zazzau. Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS, wato mishan na cocin Angalika daga Ingila, ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905. A 1913 wasu daga cikin Isawa, zuriyar mabiyan Malam Ibrahim da aka kashe a Kano saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa, suka nemo shi. Aka kafa musu gari a Gimi, ciwon barci ya shiga ya kashe mutane da yawa, garin ya watse. A 1929 mishan ya komo nan Wusasa, aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa sosai, ga makaranta, ga asibiti. A 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa dukansa.

Iyayenmu tsiraru ne a tsakiyar Musulmi, ba su da lasifika, ba su da rediyo, kuma ba a yarda su tsaya ko'ina su yi wa'azi ba. Rayuwarsu ce take magana. Daga nan Likita Barau Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa, wanda asibitin Kaduna yake ɗauke da sunansa. Farfesa Ishaya Audu, jikan Isawa, likitan yara ne, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Janar Yakubu Gowon a nan ya tashi, mahaifinsa mai bishara ne. Ban kawo sunayen nan don alfahari ba. Na kawo su don ku tambaya yaya aka rene su.

Yadda aka yi da mu shi ne, yaro yana zaune a gidan babba. Yana ganin yadda yake tashi addu'ar asuba, yadda yake magana da matarsa in ransa ya ɓaci, yadda yake biyan bashi, yadda yake karɓar baƙo Bafulatani da ya kawo mara lafiya da tsakar dare. Ba wanda ya ce mana yau darasi na kaza. Yadda yaron maƙeri yake koyon ƙira da zuga wuta kusa da maigidansa, haka muka koyi bin Yesu. Yanzu kuwa ana yi wa mutum aji na wata uku a ba shi takarda. Ajin yana da kyau, amma wa zai bar yaro ya shigo gidansa ya ga yadda yake zaune? Manzo Bulus ya ce wa Timoti ya danƙa abin da ya ji ga amintattun mutane da za su koya wa waɗansu. Timoti kuwa tafiya ya yi da Bulus, ya ga dukan da aka yi masa.

Hannatu:
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ma'aikaciyar gwamnati ce, ba zan faɗi wurin ba. Fayil ɗin 'yan fansho yana bi ta teburina. Tsoho zai zo daga ƙauye da kuɗin motar da ya ranta, ya zauna a benci tun safe, a ce masa ba a ga fayil ba. Kowa ya san inda fayil ɗin yake. Ana jira ne ya gane ya kawo na goro. Wani lokaci da na sa hannu na miƙa masa, sai in ga yana laluben aljihu da hannu mai rawa, don ya saba ba a yi masa komai a banza. In na ce ya bar shi, sai ya tsorata ya ɗauka kuɗin ne ya yi kaɗan.

Da masu karɓar haraji da sojoji suka tambayi Yahaya Mai Baftisma me za su yi, bai ce su bar aiki ba. A Luka 3:12-14 ya ce kada su karɓi fiye da abin da aka umarta, kada su yi ƙwace, su gamsu da albashinsu. Wannan ce ayata. Kuma tana da tsada. Duk wata tafiya mai alawus, ba a sa sunana. An taɓa mayar da ni teburin da ba aikin komai don ina hana ruwa gudu. Abin da ya fi mini ciwo, cikin masu ce mini na cika tsanani akwai wanda muke cin Jibin Ubangiji tare.

Ayuba mai keke:
Yaya Hannatu, ke aƙalla wata zai ƙare a biya ki. Ni keken ba nawa ba ne. Kullum da yamma sai na kai wa mai shi balas, ko na samu ko ban samu ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin man da nake sha daga Kwangila zuwa Samaru in dawo PZ ya ninka ya sake ninkawa, fasinja kuwa kuka yake in ka ƙara masa. Canjin da fasinja ya manta ina kiransa in ba shi. Waya ta faɗi a kujera na mayar. Baƙon da bai san gari ba, kuɗin da kowa yake biya nake ce masa. Waɗannan a hannuna suke.

Amma ga wanda ba a hannuna yake ba. An tare ni a hanya, an zare makulli, an ce sai na ba da wani abu. In na ƙi, keke ya kwana a hannunsu, balas yana jirana, matata tana jiran cefane. In na bayar, na zama mai ba da cin hanci ke nan? Kuma ina da wata tambayar da ta fi wannan. Kullum ana ce mana mu tsaya a kan gaskiya. To ranar da na tsaya aka ƙwace keken, wa zai kawo wa yarana abinci? Coci za ta ce za ta sa ni a addu'a.

Hannatu:
Ƙanena, na ji ka. Amma in kowa ya ce tilas aka yi masa, yaushe abin zai tsaya? Tsohon da yake miƙo mini na goro shi ma tilas yake gani. Shawarata ka tabbatar takardunka sun cika tsaf. Wanda takardunsa suka cika yana da bakin magana, kuma sau da yawa in sun ga ba ka sauri, su suke gajiya.

Ayuba mai keke:
Takardun suna hannun mai keke, Yaya. Na yi magana har na gaji, ya ce in ba na so akwai masu jiran makulli.

Fasto Yohanna:
Ayuba, zan faɗa maka yadda na fahimta, wani yana iya gani dabam. Wanda ya ba da kuɗi don a karkatar da shari'a, ko a ba shi abin da ba haƙƙinsa ba, ko a rufe laifinsa, wannan cin hanci ne, Fitowa 23:8 ta hana. Wanda aka tare aka matse aka karɓe masa guminsa, an zalunce shi ne, alhakin yana wuyan mai karɓa. Amma kada ka saba da shi har ya zama kana miƙa hannu tun ba a tambaya ba. Duk ranar da za ka iya tsayawa, ka tsaya.

Tambayarka ta biyu kuwa ba ka bar mana wurin ɓuya ba. Galatiyawa 6:2 ta ce mu ɗauki nauyin juna. A Matiyu 23:4 Ubangiji ya tsauta wa masu ɗaure kaya masu nauyi su ɗora wa mutane, su kuwa ko da yatsa ba sa taɓawa. In ikkilisiya ta koya wa mutum ya ƙi haram, ya ƙi, ya rasa abinci saboda haka, yunwarsa ta zama bashi a kanmu. Muna iya tara kuɗin tayil da sababbin kayan kiɗa cikin Lahadi biyu. Zan kai wannan magana gaban dattawa, kuma ina roƙon kowa ya kai gaban nasa.

Malam Bulus (Tudun Wada):
Fasto, in za a yi, kada a tsaya a kan buhun shinkafa na Kirsimeti. A ikkilisiyarmu akwai masu kekuna da suke ba da haya. A fara da su. Ɗan'uwa mai keke ya cika takardu, ya sassauta balas ranar da mai ya yi wuya ko direba ya kwanta ciwo. Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta yi magana a kan wanda ya sa ransa ga ladan yini.

Saratu (malamar firamare):
Na yi shiru ina karantawa, kuma na lura duk misalanmu a waje suke, kasuwa, ofis, titi, inda mu ne ake matsa wa. Bari in shigo da ku cikin gida, inda mu ne masu iko.

'Yan matan da muke ɗaukowa daga ƙauye su taya mu aiki nake nufi. An je an ce wa iyayenta za a sa ta makaranta. Shekararta goma sha ɗaya ko sha biyu. Ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya. Ta ɗebo ruwa, ta yi wa yaran gida wanka, ta ɗauki jakunkunansu ta raka su makaranta, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon sa'o'inta cikin kayan makaranta, ta juya ta koma wanke-wanke. Ina ganinsu kowace safiya, don a ƙofar ajina suke ajiye yaran. Akwai wata da ta saba tsayawa a jikin taga tana bin abin da nake rubutawa a allo da leɓe, har sai ta tuna an ce kada ta daɗe.

Ranar Lahadi a zo coci da ita. Uwar gida tana gaba da ankon Zumunta tana jan waƙa, yarinyar tana waje a rana da goyo, da silifas ɗin da aka ɗaure da waya. Ba ta taɓa jin wa'azi daga farko zuwa ƙarshe ba. A gida tabarmarta tana kicin, abincinta abin da ya rage. In kofi ya fashe, bulala. Kuɗin da aka yi alkawarin aika wa iyayenta kuma sai an ga dama.

Yakubu 5:4 ya ce ladan ma'aikata da aka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Kolosiyawa 4:1 ta ce iyayengiji su tuna su ma suna da Ubangiji a sama. Ko a dokar ƙasa, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ba kowane yaro haƙƙin karatu. Wannan yarinya ita ce ta fi kowa sanin irin Kiristan da muke, don ita take ganinmu da asuba kafin mu wanke fuska. Abin da za ta ɗauka game da Yesu har tsufanta, a gidanmu take koyonsa.

Maman Godiya:
Malama, gaskiya kika faɗa, amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Wasunmu muna fita aiki tun bakwai, ba mu da mai riƙe jariri. Kuma kuɗin makarantar namu yaran ma da ƙyar muke biya. Wasu 'yan matan kuma ba sa jin magana, ga ɗauke-ɗauke.

Saratu (malamar firamare):
'Yar'uwa, na san ba sauƙi, ni ma mai fita aiki ce. Amma in ba za ki iya sa ta makaranta ba, kada ki ɗauko yarinya, ki nemi babbar mace ki biya ta ladanta. In kuwa kin riga kin ɗauko, makarantar gwamnati tana nan kusa, kuma akwai maƙwabta tsofaffi da za a iya bar wa jariri zuwa azahar a ba su wani abu. Batun ɗauke-ɗauke, yarinyar da ta ƙoshi ba ta cika satar nama a tukunya ba. In ɗiyar cikinki ta yi laifin, yadda za ki hore ta haka za ki hori wannan.

Maman Rifkatu:
Malama, wannan magana a Zumuntar Mata ya kamata a yi ta, gaba da gaba. Akwai 'yan mata huɗu da na sani a layinmu kaɗai. Amma kada a tashi a kunyata kowa a taro, sai su mayar da yaran ƙauye cikin fushi, ko su daina zuwa da su coci gaba ɗaya. A bi su gida ɗaya ɗaya, mu biyu ko uku, yadda Matiyu 18 ya koyar.

Maman Godiya:
In za a samu wadda za ta riƙe mini jariri zuwa ƙarfe ɗaya, zan sa tawa makaranta a zango mai zuwa. Amma shekararta goma sha uku kuma ba ta iya karatu ba. Za a karɓe ta? Ba za ta ji kunyar zama da ƙananan yara ba?

Saratu (malamar firamare):
Za a karɓe ta. Ki kawo mini ita gida ranar Asabar da yamma in gwada inda take, in fara mata da baƙaƙe da lissafi kafin a koma hutu, don kada a sa ta aji ɗaya. Akwai kayan makarantar ɗiyata da suka yi mata kaɗan, in sun shige ta an rage miki ɗinki. Mama Ladi, ke da kike gida da safe, ko za ku yi magana da Maman Godiya a kan jaririn?

Mama Ladi (Sabon Gari):
Ta kira ni. Sai dai ƙafata ba ta son goyo yanzu, ta haɗo da tabarma da abin da yake ci.